Abin da Tala Ta Rubuta a Bayan Takarda

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku: ni na jawo. Ni na zaɓi fim ɗin, ni na tura wa yaran, ba wanda ya sa ni. Sunana Maisun, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da Turanci a aji takwas na wata makarantar 'yan mata a nan birnin Irbid. Gobe Juma'a bayan la'asar, maza arba'in za su zo gidanmu neman aurena.

Mai neman sunansa Wisam. Shago gare shi a titin jami'a, yana sayar da kyamarorin tsaro, yana kuma kafa wa mutane a gidaje. Dogo ne, gemu a gyare, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Tun da mahaifiyarsa ta gan ni a wani biki wata huɗu da suka wuce, Mama ba ta da hira sai tasa.

"Namiji mai kula ke nan," haka take cewa kullum. "Ki duba 'yar innarki Halto Najah, kin girme ta da shekara uku, ɗanta har ya fara tafiya. Ke kina nan da jan biro."

Kada ku ce tilasta min aka yi. Ina son sa. Kullum ƙarfe bakwai da rabi saƙonsa zai shigo: "Kin isa makaranta?" In na yi minti goma ban amsa ba, sai wani: "Lafiya dai?" Daɗi nake ji. Ba wanda ya taɓa damuwa da ko na isa.

A cikin ɗalibaina akwai Tala, 'yar yayansa da ya rasu a haɗarin mota shekara biyu da suka wuce. Ita da mahaifiyarta Abir suna zaune a saman benen gidansu Wisam. Yarinya ce mai shiru, wurin taga take zama, kullum hannun rigarta a jaye har ya rufe yatsu. Duk ajin ba mai kyan rubutunta.

Ranar Lahadi muka shiga darasin yadda ake maganar abin da zai faru nan gaba, sai na tuna wani fim da na gani ina jami'a. Labarin wani birni ne da aka zagaye da katanga bayan teku ya cinye sauran duniya. Kowane ɗaki akwai fitila a rufi wadda ba ta mutuwa, in wani ya yi maganar fita daga birnin sai ta koma ja. Wanda tasa ta yi ja sau uku, a zo a tafi da shi. Akwai inda aka nutsar da wata uwa a tankin ruwa, 'yarta tana tsaye, aka sa ta tafa hannu. Lokacin da na kalle shi ina da ashirin da ɗaya, na yi kwana uku ina tunaninsa. A jikinsa an rubuta sai mai shekara sha shida. Yarana 'yan shekara sha uku ne. Na ga rubutun da idona, na wuce.

Dalal, malamar kimiyya, ta leƙo ta bayana a ɗakin malamai tana cin burodi da za'atar, garin ganyen ƙamshi da riɗi.

"Wannan za ki ba yara su kai gida?"

"Sun ga wanda ya fi shi a wayoyinsu, Dalal. Na gaske ma, ba na wasa ba."

"A waya suna iya ja su wuce. Naki ba za su iya ba, tunda da maki a kai." Ta kaɗe yatsunta. "Ke dai kina son su ce malamarsu ta daban ce."

Maganar ta sosa min rai, saboda gaskiya ce. Duk da haka na tura. Tambaya ɗaya na haɗa da shi, shafi ɗaya za su rubuta: me ya sa mutanen birnin suke gode wa masu tsaronsu?

Talata da safe ina ɗaura ɗankwali, wayata ta fara rawa a kan madubi. Zauren hirar iyayen ajin ne na waya.

Mahaifiyar Rand: "Malama, 'yata ta ƙi shiga wanka sai na tsaya mata a bakin ƙofa. Wannan karatu ne?"

Wata: "Turanci muka kawo su koya ko firgita?"

Mahaifiyar Shahad: "Ni dai na gode. Tare muka kalla, rabon da ta yi hira da ni haka tun bara."

Wata ta amsa mata: "Ki ajiye godiyarki, ba kowace yarinya ce irin taki ba."

Sai Wisam ya shigo. Shi kaɗai ne namiji a zauren, tun farkon shekara ya sa aka cire lambar Abir aka sa tasa, wai don a rage mata ɗawainiya. Ya rubuta: "Malama Maisun ta san aikinta. Mu yi mata uzuri." Bayan minti ɗaya ya turo min ni kaɗai: "Na kare ki. Amma in kin zo gidana, irin wannan ni za ki fara nuna wa kafin ki tura." Har da hoton zuciya.

Murmushi na yi, masu karatu. Wallahi murmushi na yi, na tura masa zuciya biyu.

Shugabar makaranta, Sitt Nawal, ba ta yi murmushi ba. Ko kujera ba ta nuna min ba.

"Sha uku, Maisun. Kin manta yadda kike kina sha uku?"

"Na so su yi tunani ne."

"Tunani suke yi yanzu, barci ne ba sa yi. Ba maki a kan aikin nan. Ki karɓi takardun gobe, Lahadi ki kawo min su duka. Yau kuma ki ba iyaye haƙuri a rubuce."

Na rubuta. Da na shiga aji na ga idon Rand a kumbure, tana zaune ta maƙale da bango, kunya ta kama ni ta gaske. Ba don Sitt Nawal ba. Yarinyar nan makon jiya ita ce mai sa aji dariya.

Laraba na karɓi takardu talatin. Tala ce ta ƙarshe. Ba ta ɗora tata a sama ba, sai ta ɗaga sauran ta cusa a ƙasa.

"Malama, ke kaɗai za ki karanta?"

"Ni kaɗai."

Ta ja hannun rigarta ta fita.

A gida na tarar Mama ta kife tukunyar maƙluba, shinkafa da nama, a faranti, falo ya cika da kwalayen kofuna da ta aro daga maƙwabta. Rigar da zan saka ranar Juma'a tana rataye a jikin ƙofar ɗakina, baƙa mai jan surfani tun daga wuya har ƙasa, wadda kakata ta ɗinka da hannunta. Bayan mun ci abinci na haye gado da shayi, na fara karatu. Wata ta ce suna godiya ne saboda ba su da hankali. Wata ta ce ba ta kalla har ƙarshe ba, Babanta ya kashe. Rand layi biyu ta rubuta, na biyun shi ne don Allah kada in sake.

Ta Tala layi biyar ce da Turanci mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya. Har zan ajiye, sai na ga inuwar rubutu ta baya. Na juya. Da Larabci ne, da fensir, ƙanana ƙwarai.

"Malama, suna godiya ne saboda in ba su gode ba za a tambaye su dalili. Na sani don mu ma haka muke yi. Ammo Wisam, baffana, ya sa kyamara a matakala da falo da kicin da baranda. Ta ɗakin Mama tana cikin agogon bango, yana tsammanin ba mu sani ba. In za mu yi magana, banɗaki muke shiga mu buɗe famfo. Katin shaidar Mama da takarduna suna wurinsa. Bara Mama ta ce za mu koma gidan iyayenta a garin Salt, ya ce ta tafi in tana so, amma ni jinin gidan nan ce, ba inda za ni. Bai taɓa dukanmu ba. Duk abin da na ce ina so yana sayo min. Da ina tsammanin haka kowane gida yake in uba ya mutu, sai da na ga fim ɗin. Sau uku na kalla. Ban ji tsoro ba, su Rand ne suka ji. Ni ji na yi kamar wani ya san da mu. An ce ke za ki zo hawa na biyu. Ya riga ya gama jan wayoyin kyamara a can. Na ƙirga ramuka bakwai a bango. A banɗakin makaranta na rubuta wannan."

Shayin ya huce a hannuna. Kun san abin da na fara gaya wa kaina? Fim ne ya shiga kanta. Yarinya ce marainiya, ta ga abin da ya fi ƙarfinta, ta ɗauka ta ɗora wa gidansu. Maganar da iyaye suka yi ta jifa na da ita kwana biyu, ita na ɗauko na rufa da ita, don kada aurena ya taɓu. Sai saƙonsa ya shigo: "Me kike yi?" Na ce gyaran takardu. Ya ce: "Na Tala yana ciki?" Na ce ban kai kansa ba.

Yau Alhamis kujerar wurin taga ba kowa. A hutun ƙarfe goma Sitt Nawal ta tare ni a baranda.

"Waliyyin Tala ya zo da safe. Ya ce tun da ta kalli abin nan ta canza, ba ta ci, ba ta magana, zai kai ta wurin likita. Yana son takardarta likitan ya gani. Na ce tana wurinki." Ta sassauta murya. "Ki gode Allah mai neman ki ne. Da wani ne, da yanzu muna gaban hukuma."

Da aka tashi, farar motar Wisam tana ƙarƙashin bishiya a ƙofar makaranta. Ya sauke gilashi, ya miƙo min ƙaramin kwalin kunafa, kayan zaƙi mai cuku, har da ɗumi.

"Amarya ta gaji."

"Kaɗan. Ya jikin Tala?"

"Za ta warware. Takardarta fa?"

"Suna gida."

Idonsa ya sauka kan jakata, ya ɗan tsaya a wurin. Takardar tana ciki, a naɗe cikin littafin kiran suna.

"Ba komai," ya ce. "Gobe in mun zo sai ki ba Mamanki ta miƙo min. Yarinya ce, kada abin da ta rubuta ya ɗaga miki hankali."

"Ban ce na karanta ba."

"Ni ma ban ce kin karanta ba." Ya yi murmushin nan nasa da nake so. "In kin isa ki sanar da ni."

A tasi na riƙe kwalin a cinya, na kasa buɗewa. Da na sauka a bakin layinmu, na hango tsani jingine da katangarmu, mutum biyu da rigar shagonsa suna naɗe waya. Mama tana tsaye a ƙofa da tiren shayi, fuskarta kamar ranar salla.

"Zo ki ga kyautar Wisam. Ya ce gobe taro ne, motoci da yawa, ba a san na kirki ba a san ɓarawo. Ɗaya a ƙofa, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a falo. Ya ce ko sisi kada mu yi maganarsa."

"Mama, a falo kuma?"

"To ina zinaren zai zauna in an kawo? Ke dai ba a iya miki."

"Wa zai dinga kallo?"

"Ya sa wa Babanki a waya. Shi ma ya ce zai dinga duba mana, tunda Babanki ba ya gane abubuwan nan."

Na shiga tsakar gida ban ɗaga kai ba. Kafin in kai ƙofar ɗaki wayata ta yi ƙara. "Kin manta ba ki sanar da ni ba. Ba komai, na gani. Shuɗin mayafin nan ya yi miki kyau, daga sama ma."

Alhamis ce ranar da ake sako wa unguwarmu ruwa, na san inda zan sami Baba. Na hau saman rufi da jakata. Yana durƙushe wurin tanki da tsohuwar jallabiyarsa ta aiki, yana sauraron shigar ruwa. Shekara talatin ya yi a gidan waya kafin ya yi ritaya, mutum ne da ba ya karanta abu sau ɗaya. Na miƙa masa takardar ta bayanta. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya karanta sau biyu.

"Wane irin fim kika ba yaran mutane?"

"Wanda bai kamata in ba su ba, Baba. Akwai wadda har yau ba ta iya wanka ita kaɗai."

"Amma wannan ta iya rubutu." Ya juya takardar ya ga Turancin, ya sake juyawa. "Kin yarda da ita?"

"Jiya ban yarda ba. Yau na dawo na ga tsani."

Ya zauna a kan bulo. A ƙasa ana sauke kujerun haya, ƙarar ƙarfe tana hawowa.

"Na ba mahaifinsa Abu Wisam magana," ya ce. "Gobe dattawansu za su ajiye kofi a gabansu, ba za su sha ba sai na ce na ba su. In na ce su sha, an karanta Fatiha, shi ke nan. In kuma ba kya so, 'yata, ko maza ɗari ne zan ce su tashi. Ba wannan ne ya dame ni ba."

"Me ya dame ka?"

"In mun ƙi shi gobe, ya san dalili. Ke kina gidan ubanki. Ita yarinyar a gidan wa take?"

Ni na ba ta tambayar, ni na ce ni kaɗai zan karanta, ga shi kwana ɗaya tak har ya san akwai abin nema a takardar.

Wayata ta sake ƙara. Na ɗauka shi ne, sai na ga lambar da ban sani ba, ta wayar tebur. Na ɗaga.

"Malama Maisun?" Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, tana haki. "Abir ce, mahaifiyar Tala. Daga kantin magani nake kira, surukata ta aike ni, minti biyar gare ni. Wayar nan shi ya saya miki?"

"A'a."

"Ya taɓa karɓa ya gyara miki wani abu a ciki?"

"A'a."

"To saurara. Tala ta gaya min abin da ta yi. Ya karɓe littattafanta, ya ce ba za ta koma makarantarku ba. Na san yanzu kina son ki fasa, kuma da ni ce ke da na fasa. Amma ina roƙon ki da Allah, kada ki fasa yau. Ki bari su zo."

Na dubi Baba, na matsa kusa don ya ji.

"Duk mazan gidan za su kasance a wurinku, matan ma haka. Ni zan ce kaina yana ciwo. A gaban dattawa ba zai iya ciro waya ya duba ba, shekara biyu ke nan ban sami irin wannan rana ba. Yayana zai zo da mota daga Salt, ya yi magana da lauya. Awa biyu nake buƙata, Malama. Daga zamansu zuwa lokacin da za mu isa."

"In ya gane fa?"

"Zai gane. Ina so ne kawai ya gane muna can." Na ji wata murya a bayanta tana cewa ga maganin. "Tala ta ce ke ba kya ƙarya. Sai an jima."

Ta kashe. Ruwa ya cika tanki ya fara tsiyaya ta gefe, ba wanda ya tashi ya rufe.

"Awa biyu," Baba ya ce a hankali. "Ba a taɓa barin kofi ya huce a gaban baƙi a gidan nan ba. Zan iya jan su da hira, zan iya cewa sai yayana ya iso daga Ramtha. Amma daga ƙarshe sai na faɗi ɗaya cikin biyu, a gaban mutum arba'in, yana zaune yana kallon bakina. Kuma duk wanda na faɗa, kafin magariba zai koma gida ya tarar ba kowa a sama, ya san daga inda abin ya fito."

"Na sani."

"Mamanki ba za ta iya riƙe wannan a fuska ba. Kada ki gaya mata."

Daga ƙasa muryar Mama ta taso, tana kiran in zo in gwada rigar, wai Umm Wisam, mahaifiyarsa, tana kan waya tana son ta ji ko ta zauna min daidai. Baba ya ninke takardar Tala gida huɗu, ya sa a aljihun ƙirjinsa, ya miƙe ya murɗa famfon tankin.

"Sauka ki gwada," ya ce, bai dube ni ba. "Ki tsaya a tsakiyar falo, ki yi dariya sosai. Yana kallo."

Na sauka. Na saka rigar kakata, na juya sau biyu a ƙarƙashin ƙaramin baƙin gilashin da ke kusurwar rufi, Mama tana guɗa. Na yi dariyar.